Shayin Shantiye

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kun daɗe ba ku ji ni ba. Ina raye, amma da ƙyar.

Ni magini ne a nan garin Tamanrasset, kuma wanda ya san ni ya san ko sigari ba na sha. Abin ya faro da rawar hannu da rashin barci. Ran da ban je aiki ba sai hamma da zufa da ciwon gaɓoɓi, har na zaci zazzaɓi ne.

Wata safiya ina saman gini jijjiga ta kama ni. A asibiti na farka, ƙashin cinyata ya karye.

Aka yi hoto, aka ɗebi jini da fitsari. Aka yi mini allurar kashe zafi, amma ba ta kama ni ba, kamar ruwa aka zuba. Likita ta dube ni ta ce, "Tun yaushe kake shan tramol?"

Ni? Wallahi na yi ta rantsuwa har da kuka.

Sai da Sale mai dafa mana shayi a shantiye, wato wurin aikin gini, ya zo dubiya sannan gaskiya ta fito. Kansa a ƙasa ya ce, "Malam Idi, ai na ɗauka ka sani. Patoron, maigidanmu, shi ke kawowa, ni ke narkawa a buta, don aiki ya yi sauri."

Shekara da shekaru ina yaba shayin nan!

Ɗakinmu na asibiti maƙil yake da samari, wasu ƙwaya ta kayar, wasu an sare su a rigimarta. Ma'aikata ba sa hutawa, ɗakin tiyata kuma layi ne.

Kusa da gadona akwai wani dattijo manomin dabino daga Abalessa, ciwon suga ya ci masa ƙafa. Ranar da za a yi masa aiki aka kawo ni cikin jini, dole aka fara da ni. Bayana aka kawo wasu. Dattijon yana jin Hausa, kullum sai ya ce, "Sannu ɗana, ka ci wani abu?"

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da abokan aikina da suka yi karo-karon magani. Yanzu ina takawa da sanda.

Don Allah, duk abin shan da ya kore muku gajiya farat ɗaya, ku tambayi abin da ke ciki. Wanda ya saba kuma kada ya yanke shi kaɗai, ya ga likita.

Kafin layi ya zo kan dattijon, ciwon ya haura gwiwa. Da ƙafa ɗaya ya koma gida, kuma da za a fita da shi, ni ya yi wa addu'a.