Shafin da Hannah Ta Ƙi Yagewa

Hannah Zacharias 'yar wani manomin doya ce daga Karshi. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana aikin jinya a sashen haƙori na wani asibitin koyarwa a Abuja. Idan an ba yaro maganin barci za a cire masa haƙori, ita ke zama kusa da shi tana lura da numfashinsa har ya farka.

Ƙa'ida ce kada yaro ya ci komai kafin maganin, don kada ya yi amai ya shaƙe. Amma uwar da ta taso tun daga Karshi ba ta iya kallon ɗanta da yunwa a mota. Sai ta ba shi kunu, in an tambaya ta rantse bai sha ba. Hannah ba ta tambaya. Jaka take karɓa ta girgiza gorar kunun, in ta ji saura rabi ta ce, "Mama, yau ba za a yi ba, sai ku dawo Alhamis." Duk yaron da ya bi ta hannunta tana rubuta yadda ya kwanta da yadda ya tashi a wani littafi mai baƙin bango.

A 2006 kuɗin man fetur na gwamnati ya kai ga asibitin. Aka yi sabon gini, aka shimfiɗa tayil, amma na'urar da ake maƙala wa yaro a yatsa don auna iskar jininsa guda ɗaya ce tal. Shugaban sashen, Farfesa Maitama, yana neman shugabancin kwalejin likitanci, kuma yana rubuta bincike kan ingancin maganin barcin yara. Alƙalumansa duka daga littafin Hannah suke.

Ranar da kwamitin tantance kwasa-kwasai ya zo, Farfesa ya sa aka kai na'urar zuwa sabon ginin, aka ɗora ta kan farin ƙyalle kusa da furen roba. Hannah ta nemi a ɗage aikin ranar. Ya ce baƙi za su so su ga ana aiki.

Wata yarinya 'yar shekara biyar, Glory, ta daina numfashi bayan an ba ta maganin. Hannah ta gane ne don tafin hannunta na kan ƙirjin yarinyar. Ta ɗaga mata haɓa, ta sa aka kawo iskar taimakon numfashi, Allah ya sa da sauran kwana. A shafi na tamanin da uku ta rubuta abin da ya faru, ta ƙara da cewa na'urar tana sabon gini ana nuna wa baƙi.

Bayan mako guda Farfesa ya kira ta ofis.

"Sista, yarinyar ta mutu ne?"

"Ba ta mutu ba, Oga."

"To, ai babu abin da ya faru."

Ya ce ta yage shafin, shi kuma zai sa sunanta cikin waɗanda za a gode wa. Ta ce babanta bai taɓa ɓoye ruɓaɓɓiyar doya a ƙasan kashin da zai sayar ba, ita ma ba za ta fara ba.

Kafin ƙarshen wata aka mayar da ita ɗakin wanki, wajen karɓar zannuwan gado. Binciken ya fito da yara ɗari huɗu da goma sha biyu, babu matsala ko ɗaya. A littafin Hannah ɗari huɗu da goma sha uku ne. Farfesa ya samu kujerarsa, kuma a jawabinsa na kama aiki sau shida ya ambaci amana.

Hannah ta rubuta wa hukumar asibiti sau biyu. Amsa ɗaya ta samu, cewa ta biyo da takardar ta ofishin shugaban kwaleji. A 2008 ta ajiye aiki, ta koma wani ƙaramin asibiti a Masaka da ɗan ƙaramin albashi. Can ni mai ba da wannan labari na same ta tana girgiza gorar kunun wata mata. Ta nuna mini littafin, a cikin leda yake, shafi na tamanin da uku yana nan. Ta ce tun da aka mayar da ita ɗakin wanki, ni ne mutum na farko da ya nemi ganinsa.