Ledar da Na Cusa a Ƙafar Motar Malam Habu

Kafin a fara kirana ɓarawo, ni yaron kirki ne. To, kusan kirki. Gidanmu manoma ne a gefen dam ɗin Watari, amma ni da fartanya ba ma shiri. Babu abin da nake so irin kwanciya a ƙarƙashin mota.

Shekarar da komai ya yi tsada, akori-kurar Kawuna ta fara ƙara a ƙafar gaba, ƙarar da ke firgita jakunan ƙauye uku. Kuɗin bakanike babu. Na ɗaga ta da jak, na tokare da turmin Inna, na yanko roba daga tsohuwar taya na maye gurbin wadda ta cinye. Ƙara ta ɗauke. Kafin Juma'a an raɗa mini suna Injiniya, masu motoci suna layi a ƙofar gidanmu.

A nan Shaiɗan ya samu wurin zama. Na gano cewa bol-join, ƙarfen nan mai kai kamar ƙwallo da ke riƙe taya da jikin mota, idan ya saki aka cusa masa leda aka cika da giris, sai ya yi shiru kamar sabo. Na ɗan kwana biyu. Sai na fara cire lafiyayyun na mutane ina sayarwa a Kano, ina ɗaura musu tsofaffi masu leda. Ran farko ina yi ina waige-waige. A rana ta biyar har waƙa nake rerawa.

Wata rana Malam Habu, mai motar da ke kai matan unguwarmu kasuwa, ya kawo ta canjin roba. Ya ce, "Injiniya, ka duba da kyau, iyayenka nake ɗauka."

Na ce, "Malam, in na gama har Makka sai ta je."

Shi ma na yi masa leda.

Ranar kasuwa tayar ta kwanta daidai bakin magudanar ruwan dam. Motar ta ja ciki ta tsaya, hancinta na leƙen ruwa. Allah ya sa shanu na tsallaka hanya, Malam Habu ya riga ya rage gudu. Har gobe in na ga saniya sai na gaishe ta. Malam Habu ya karye a hannu. Wadda ke kusa da shi a gidan gaba, da kwandon albasa a cinya, Innata ce.

Bakaniken da ya kwance ƙafar ya zaro ledar a gaban jama'a kamar mai zare hanjin kaza. Alƙali ya tura ni gidan gyaran hali, wata shida.

Inna ta zo ziyara. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye mini ƙuli-ƙuli ta ce, "Nawa ka sayar da ni?" Wannan tambayar ta fi zaman wata shidan nauyi.

Da na fito na je neman gafarar Malam Habu. Ya miƙo mini sabon bol-join na ɗaya ɓarin. Ya ce, "Na yafe. Ɗaura wannan. In ka gama, kai za ka zauna a gaba." Ban taɓa ɗaure noti da addu'a irin ranar ba.

Alhamdulillahi da Allah ya tona asirina ba tare da an haƙa kabari ba.

'Yan'uwana samari, gyara da kanka ba laifi ba ne. Ɗaga motar, kama tayar ka girgiza. In ta yi kwal-kwal, canza ƙarfen. In babu hali, a ajiye motar. Kada ka toshe mata baki, domin ba kai ke zaɓen wanda zai shiga ba.