Goshin Yayata

Yayata ta girme ni da shekara shida. Ita ta buɗe shagonmu na kitso da kujera ɗaya da madubi ɗaya, bayan ta gaji da aikin wanki a gidajen mutane. Yanzu kujerun biyu ne, madubin dai ɗaya, don haka wuni nake ina kallon fuskarta kusa da tawa. Hannunta ya fi nawa sauri, kuma ko mura sai ta nemi izini kafin ta kama ta. Ni kuwa ciwon raunin tsoka gare ni. Da yamma fatar idona sauka take yi, wani lokaci ruwa ma ƙware ni yake.

Bara ta je aka yi mata allurar nan mai sakar da tsokar goshi, layukan tsufa suka ɓace tas. Wata da ta zo kitso ta dube mu ta ce da ni, "Anti, 'yarki ce?" Yaya ta yi ta dariya har mataji ya faɗi. Kishi ya turnuƙe ni, ba zan ɓoye ba.

Na ƙudura ni ma sai an yi mini allurar, na nemi asibitin da ba a san ni ba. Wautata ɗaya: na ce ta raka ni, don a yi a kan idonta. Ma'aikaciyar jinya tana tambaya, "Ciwon asma? Wahalar haɗiya? Ciwon jijiya ko na tsoka?" ina ta cewa babu.

"Ƙarya take yi," in ji Yaya. "Buɗe jakarta ki ga ƙwayoyi."

Likita ya ajiye allurar. Ya ce ga mai irin ciwona, maganin yana iya raunana tsokar haɗiya da ta numfashi.

A hanya na ce, "Ke kaɗai kike son ki yi kyau, ko?"

"Eh, na ji," ta ce. "Ki yi ta jin haushina, in dai kina numfashi."

Kwana tara ban ce mata komai ba sai "miƙo zare". Ita kuma ba ta sake komawa allurar ba. Cikin wata huɗu layukanta suka dawo, har da ƙari. A raina na ce yawwa, yanzu mun yi daidai.

Jiya wata tsohuwar kwastoma ta ƙura wa Yaya ido ta ce, "Ke kam, girma yana yi miki kyau." Ina tsaye riƙe da kan matar, kitsonta nake yi. Ni ba ta ce mini komai ba.