Injiniyan Fenti

Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, kuma ko a gida haka ya ce a riƙa kiran sa. Mai fenti ne fa, ba wani abu ba, amma ka ce masa mai fenti ka ga yadda zai haɗe rai kamar ka zage shi. In bango ya yi kyau, hannunsa ne. In fenti ya ɓamɓare, to laifin magini ne, ko ruwan sama, ko mahassada.

Da autansu suke aiki. 'Yan unguwa kan ce halinsu ɗaya, ga surutu, ga cika baki, ga dogon buri. Yayarsu, wadda ta goya su dukansu, tsaki take yi in ta ji haka. Na Auta zuwa yake yi ya tafi. In abin ya motsa sai barci ya ƙaurace masa, magana ta ɓalle kamar famfo, ya ce garin nan kaf zai yi wa fenti, ya kyautar da burushinsa ga duk wanda ya yaba. Bayan 'yan kwanaki ya sauko, ya bi mutane gida-gida yana ba da haƙuri, kunya kamar ya nutse. Shi kuwa Injiniya ba hawa ba sauka. Kullum yana can sama, yana jiran a ɗaga kai a kalle shi.

Da ƙyar Yaya ta ja Auta asibiti. Injiniya ya bi su, wai don ya yi wa likita bayani, ya kuwa cinye lokacin da tarihin kansa. Likitar ta ce na Auta yana da magani, in ya kiyaye sha da barci zai zauna lafiya. Yaya ta sassauta murya ta ce, "To likita, na wannan fa?"

"Shi ma akwai taimako, amma sai ya yarda yana da matsala."

"Ashe babu ke nan," in ji Yaya.

Magani ya karɓi Auta. Ya yi ƙiba, yana barci, yana aikin mutum ɗaya. Nan fa hankalin Injiniya ya tashi, don a da in abin ya motsa aikin mutum uku yaron yake yi, shi kuwa gogan yana ƙasa da baƙin tabarau yana yi wa mai gida lacca a kan kala. Sai ga aikin wani dogon bene ya samu, Injiniya ya bugi ƙirji ya yanka wa'adin da ko aljani ba zai cika ba. Ya zaunar da Auta a shago, tsakanin gwangwanayen fenti.

"Ƙwayoyin nan sun mai da kai tsoho. Ina Autan da na sani? Ajiye su har mu gama."

Yaya ta samu labari, ta tare shi a ƙofar shago. "Wallahi in ka raba yaron nan da maganinsa, ni da kai ne."

"Haba Yaya, ke me kika sani a harkar gini?"

Auta ya ajiye magani, don bai iya yi wa wansa musu ba. A sana'arsu ba a hawa dogon tsani sai da mai riƙe ƙafarsa, kuma duk aikin Injiniya ke nan a wurin. Wata rana Auta yana can ƙololuwa yana waƙa, yana miƙa hannu inda bai kamata ba, sai motar mai gida ta shigo. Injiniya ya saki tsani, ya ruga buɗe ƙofar mota.

Tsani ya zame da Auta, ƙugu ya karye, ƙafa ta karye. Likitan ƙashi ya ce da wuya ya sake hawa tsani. Yaya ta zauna a bakin gado, baƙin ciki ya hana ta ko kuka, tana jin ɗan banzan Injiniya yana ba masu jinya labarin yadda shi ya kusa suma.

Da Auta ya dawo hayyacinsa, sai ya lalubi hannun wansa, hawaye na zuba.

"Injiniya, don Allah ka yafe min. Na ɓata maka aiki."

Injiniya ya gyara tabarau, ya waiga ya tabbatar na gadon kusa suna ji.

"Ba komai, Auta, na yafe maka. Kowa ya san zuciyata."