Ku Fita Ɗiyata Ta Shiga

Jama'a, taimakonku zai hana ɗiyata karatu!

Da safe na turo muku adireshin shafin makarantar na intanet, na ce ku taya ni gwada rajistar Hadiza. Da magariba za a rufe. Tun hantsi muke shagon kwamfuta a Jega, shafin ya ƙi buɗewa!

Mai shagon ya ce, "Baba, na'urarsu mutum kaɗan take ɗauka lokaci guda, kamar ƙofar zaure. Wa ka ba adireshin?"

Na ce, "'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci kawai."

Ashe Malam Sani ɗan ajinmu ya tura wa 'yan kasuwar albasar Aliero, su kuma suka tura wa mutanen Maiyama!

La'asar ta wuce, Hadiza tana kuka. Don girman Allah, kowa ya fita daga shafin!