Nonon Mawashi

Ni dai tun ina yaro ba na jituwa da tabarma. Aji biyu na yi a firamare, malamai suka yi hamdala da na gudu. Ko tatsuniyar kakarmu Iya Tabawa, a gidanmu na Kusada, rabi nake ji. In an gama cin tuwo sai ta tura kara a murhu, ta zuba gyaɗa cikin toka, yara su kewaye ta. Ni gyaɗar nake kewayewa.

Akwai wadda ta fi so. Wai wani jinjiri aka yar a daji, barewa ta shayar da shi. Ya girma ya zama maharbi. Ran nan ya ɗana wa wata barewa kibiya, hannunsa ya ƙi sakin tsarkiya. Ta dube shi ta ce nono ɗaya suka sha.

Iya ba ta rufe wannan da ƙurunƙus. Sai ta shiga jero sunaye: wane ya sha na wance ranar da uwarsa ta kwanta zazzaɓi, wance ta sha na wance a gona. A nan nake cika aljihu in sulale. Takan ce, "Kai angona, mi ke cizon ka? Zamna ka ji naka." In ce sai gobe.

Goben ta zo bana, ina da sittin da 'yan kai. Bayan rasuwar mai ɗakina, idona ya faɗa kan Asabe, bazawara mai ƙuli-ƙuli a kasuwar Kankiya. Har rini na shafa wa gemu. Muna hira ta ce uwarta Dije 'yar Mawashi ce. Ni kuwa na san an kai ni garin Mawashi ina jinjiri, lokacin da innata ke ciwo, ban dai san hannun wa ba. In uwarta ce ta shayar da ni, aure ya haramta. Kwana uku tuwo bai yi mini daɗi ba.

Na hau mashin sai gidan yayata, Yaya Laure, ita da takan zauna gaban Iya har ƙarshe. Ta rufe ido ta jero sunayen da muryar Iya, har ta iso kaina: Dije ta Mawashi, wata biyu.

"Da ka zamna, da gemunka ya huta da rini," in ji ta.

Goron da na saya don neman aure, Asabe na kai wa duk da haka, na faɗa mata abin da na jiyo. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya."

Sai yanzu na gane barewar nan don ta zaunar da mu ce, sunayen su ne saƙon. Ga Yaya Laure ta tsufa, ba wanda ya haddace sai ita. Na sa ta maimaita mini har na riƙe. Jiya na tara jikokina, na zuba gyaɗa cikin toka. Ban kai ga sunan farko ba, ƙaraminsu ya cika aljihu.