Ranar da Kawu Ya Yi Cinikin Fassarata

Madarounfa, ƙarfe biyar da rabi

Muna sallame sallar asuba muka nufi tasha, ni da Kawu Ɗan-Ladi, dillalin awaki. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ce. Ina koyarwa a lakwal, wata huɗu ba albashi, gero a gidana bai kai tiya uku ba. Abin da na dogara da shi kawai shafi arba'in ne na wani littafin adana wake, da na juya daga Faransanci zuwa Hausa ma wani ofishin taimakon manoma a Maraɗi. Ban yanka farashi ba kafin in fara.

"Kai da kunya, kyauta za ka bayar," in ji Kawu. "Tare za mu je."

Dala sittin-sittin muka biya, aka cusa mu bayan akori-kura tare da buhunan albasa. Kai, iskar tabkin garinmu da safe! Har yau ina kewarta.

Shingen jandarma

Ƙarfe bakwai saura kwata aka tsayar da mu. Jandarma ya ga ƙunshin takardu a cinyata, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malaman boko da Faransanci.

"Mushe, mene ne wannan?"

"Haja ce," Kawu ya riga ni amsawa. "Kasuwa za mu kai."

Jandarman ya yi dariya, ya ɗaga igiyar shingen.

Maraɗi, ƙarfe takwas

Kilomita ashirin da 'yan kai, amma sai da ƙugu ya yi tsami. Muka sha koko da ƙosai na dala goma, muka taka zuwa ofishin. Shugabar wata baƙuwa ce da ba ta jin Hausa. Ta ce dala ɗari kowane shafi. Wallahi har na buɗe baki zan yi godiya, Kawu ya take mani ƙafa.

"Albarka. Gaya mata ko akuyar da ba ta da haƙora ban sayar haka ba."

Sai ga ni ina fassara cinikin kaina. Idan ta fusata, me zan kai gida? Na ɗan tausasa maganar.

"Kai! Tawa ta fi wannan tsawo. Kada ka sa mata sukari."

"Kawu, ku yi haƙuri, za ta kore mu."

"Faɗa mata!"

Na faɗa har da haƙoran. Ta ɗaure fuska. Kawu ko a jikinsa, ya ce ba a sayen dabba sai an ga tafiyarta, a kira mai gadi. Tsohon ya shigo, na karanta masa shafi ɗaya. Ya riƙe haɓa.

"Ashe toka da yashi ke hana ƙwaron nan! To, ci gaba mana, Malam."

Ba ta nemi in fassara mata wannan ba. Ta ce ɗari biyu, Kawu ya jawo takalmansa, ta ce ɗari biyu da hamsin. Sannan ya ce an sallama.

Komawa

Bayan azahar muka sayi gero buhu biyu, aka ɗaure a saman mota. La'asar sakaliya muka sauka Madarounfa. Matata ta ga amalanke ɗauke da gero a ƙofar gida, sai ta juya tana share ido da bakin zane.

Na miƙa wa Kawu la'adarsa, ya ƙirga tsaf, ya ce saura dala biyar. Na cika masa, yana ta mita.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Kawu kuwa, Allah Ya jiƙansa. Tun da ya rasu ni kaɗai nake shiga ofisoshi, kuma har yau ba wanda ke take mani ƙafa.